Turancin Jarrabawa da Ma'aikatan Masana'antun Kano: Tarihin Tsofaffin Tambayoyi Daga Bompai Zuwa Challawa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar ilmin boko a ƙasar nan ya san wani ɗan littafi da ake kira "tsofaffin tambayoyi". Littafi ne da ake tattara tambayoyin jarrabawar shekarun baya a cikinsa, a jera amsoshinsu a ƙarshe, ɗalibi ya yi ta bitarsa har ranar da zai shiga ɗakin jarrabawa. Ana buga irinsa don kowane fanni, amma na Turanci shi ne na kowa da kowa, domin kuwa mai son zama likita da mai son zama akawu duka sai sun haye wannan siraɗi. A wannan maƙala za a duba yadda aka yi Turanci ya sami wannan matsayi a Kano, da yadda siffar tambayoyinsa ta riƙa canzawa, da kuma abin da hakan ya haifar ga wasu mutane da ba a faye ambatonsu a tarihin ilmi ba, watau ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharada da Challawa. A wurinsu cin jarrabawar Turanci shi ne iyakar da ta raba lebura da akawu.

Asalin Ƙarancin Turanci a Kano

Sa'ad da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun tarar da gari mai karatu. An ƙiyasta cewa a farkon mulkinsu akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Nijeriya ta Arewa, ban da zaurukan malamai inda ake karanta fiƙihu da nahawu da lugga. Da Larabci da ajami ake rubuta wasiƙun sarakuna da hukuncin alƙalai da lissafin fatake. Turawan mulki ba su yi gaggawar kawo harshensu cikin wannan tsari ba. Sun taƙaita shigar 'yan mishan cikin ƙasashen sarakunan Musulmi, sa'an nan suna gudun abin da suka gani a Indiya da Ikko, inda waɗanda suka sha Turanci suka zama su ne masu ja da gwamnati a jaridu.

Saboda haka makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909, da Hausa ta fara koyarwa cikin rubutun boko. Turanci sai ɗalibi ya yi nisa yake samunsa. Haka tsarin ya ci gaba: elementare da Hausa, Turanci sosai sai a midil, kamar Midil ta Kano da aka kafa a 1927, wadda ita ce Kwalejin Rumfa daga baya. Wanda ya yi fice a midil shi ake turawa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. Wannan kwaleji ta yi suna wajen koyar da lafazin Turanci, ta kuma yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Amfanin da tsarin ya bayar shi ne 'yan ƙalilan da suka iya Turanci sun iya shi ƙwarai da gaske. Illarsa kuwa ita ce sun yi kaɗan ainun.

Kasuwa ba ta jira makaranta ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da sito. Suna bukatar akawuna masu rubuta rasit da wasiƙa da Turanci, da masu buga waya a tashar jirgi. Da yake ba a samu a gida ba, sai aka ɗauko su daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo, aka zaunar da su a Sabon Gari. Tun daga nan aka aza harsashin wani rabon aiki da ya daɗe: Bakano yana saye yana sayarwa, ko yana ɗaukar buhu, baƙo kuwa yana riƙe da alƙalami. Har zuwa 1957 makarantun sakandare 18 ne a duk Jihar Arewa, alhali kuwa a Kudu akwai 176.

Bompai da Rabon Aiki

Cikin shekarun 1950 aka fara kafa masana'antu irin na zamani a Bompai, gabas da birni, kusa da layin dogo da unguwar Turawa. Na farko-farko sun dogara ne ga abin da ƙasar Kano take samarwa ko take saye da yawa: matsar man gyaɗa, da jimar fata, da haɗa turare da sabulu da alewa, daga baya aka sami masu yin kwanon sha da takalmin roba da saƙa, har da haɗa keken Raleigh. Yawancin masu jarin Kwarori ne da Girkawa da Turawan Ingila, sa'an nan attajiran Kano suka shigo. Ma'aikata suka cika Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata, suna tafiya aiki a ƙasa ko a keke.

A cikin masana'anta aiki hawa-hawa ne. A ƙasa akwai lebura, wanda ake biya bisa kwanakin da ya yi, ana iya sallamarsa ba tare da wata doguwar magana ba. Sama da shi akwai mai kula da inji, sai helma, sai tankifa mai rubuta wanda ya zo da wanda ya makara, sai akawun sito da akawun albashi, sai manaja. Daga tankifa zuwa sama, takarda ake tambaya. Littafin hajira da Turanci yake, haka takardar neman hutu, da takardar gargaɗi, da bayanin da ke manne a jikin inji. Wanda bai iya karanta su ba, sai ya dangwala yatsa a kan abin da wani ya fassara masa.

Wani Ba'amurke masanin zamantakewa, Paul Lubeck, ya yi bincike a kan ma'aikatan masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, ya buga sakamakonsa a 1986 cikin littafinsa Islam and Urban Labor in Northern Nigeria. Daga cikin abin da ya nuna akwai cewa da yawa daga leburorin nan mutanen karkara ne da suka yi almajiranci, suka zo birni ta hanyar da gardawa da 'yan cin rani suka saba bi. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya sauke Alƙur'ani, wanda yake iya rubuta wasiƙa da ajami zuwa ƙauyensu, a ma'aunin ofis ba shi da ilmi ko kaɗan. Shekarun da ya yi a gaban malam ba su da gurbi a fom ɗin ɗaukar aiki. Yaron da ya gama aji bakwai na firamare yana iya zama tankifa a kansa.

Daga Kambirij Zuwa WAEC

Takardun da ake tambaya iri-iri ne. Akwai shaidar gama firamare. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, mai mataki na uku da na biyu da na ɗaya, don makanikai da kafintoci da masu walda. Akwai jarrabawar City and Guilds don masu aikin hannu, da ta RSA da Pitman don masu buga tafireta da riƙe littafin kuɗi. Uwa-uba ita ce shaidar gama sakandare, wadda a da Jami'ar Kambirij ce take tsara tambayoyinta, a aiko su daga Ingila, a mayar da amsoshin can a duba. Sharaɗinta mai tsanani ne: wanda ya faɗi Turanci ba ya samun takardar, ko da ya ci sauran fannoni duka.

A 1950 Dokta G. B. Jeffery na Jami'ar Landan ya ba da rahoton da ya kai ga kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, a 1952, don Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Laberiya ta shigo a 1974. Da farko hukumar ta yi aiki ne tare da Kambirij da Landan, sannu a hankali ta karɓi ragamar. Ga wanda ba ya cikin makaranta, ƙofar da ta rage ita ce GCE, wadda aka ƙirƙiro a Ingila a 1951. Amfaninta ga ma'aikaci shi ne ana ɗaukarta fanni-fanni: ya ci Turanci bana, ya nemi lissafi baɗi.

Tambayoyin Turanci na zamanin Kambirij rubutu ne zalla. A ba ɗalibi kan magana ya yi insha'i, a ba shi dogon nassi ya taƙaita cikin ƙayyadaddun kalmomi, a ba shi jimla ya feɗe ta ya nuna kowane sashe da aikinsa. An tsara su ne tun asali don yaran da Turanci ne harshen gidansu. A 1964 D. W. Grieve ya miƙa wa WAEC rahoto a kan yadda ake jarraba Turanci, inda ya nemi a riƙa auna shi a matsayin harshe na biyu. Bayan wannan rahoto ne aka shigo da tambayoyin zaɓi a kan kalmomi da ginin jimla: a kawo jimla da giɓi, a jera amsoshi huɗu ko biyar, ɗalibi ya zaɓi guda. Dabarar daga Amurka ta samo asali. Frederick Kelly ya yi amfani da ita wajen gwada karatun yara a jihar Kansas wajen 1915, rundunar sojan Amurka kuma ta gwada ɗimbin sababbin sojoji da ita a 1917.

Wannan canji shi ne ya ba littafin tsofaffin tambayoyi ƙarfinsa. Insha'i sai da malamin da zai duba ya gyara. Tambayar zaɓi kuwa amsarta harafi ɗaya ne, ana iya buga shi a bayan littafi, mutum ya zauna shi kaɗai da fitilar ƙwai ya gwada kansa ya ba kansa maki. Daɗin daɗawa, abubuwan nahawu da ake iya tambaya ta wannan hanya suna da iyaka, don haka duk wanda ya bi tambayoyin shekara goma zai ga irin tarko ɗaya yana dawowa cikin sabuwar riga.

Shekarun Neman Takarda

Tun daga tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa wajen ɗaukar aiki. A lokaci guda aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda ya koya wa manya karatu da rubutu da Hausa, hukumar NORLA a Zariya tana buga musu littattafai. Sai dai shaidar Yaƙi da Jahilci ba ta buɗe ƙofar ofishin kamfani. Masu buga littattafai sun gane haka: a 1957 aka fitar da Hanyar Taɗi da Turanci, a 1965 kuma Neil Skinner ya fitar da Ƙamus na Turanci da Hausa.

Rikicin 1966 ya sa dubban mutanen Gabas suka bar Kano, yawancinsu kuwa su ne akawuna da makanikai da masu gyaran lantarki. Guraben aiki suka buɗe farat ɗaya a jirgin ƙasa da gidan waya da kamfanoni. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano ƙarƙashin Audu Bako, ita ma tana neman ma'aikata. Sai dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta zo a 1972, aka ƙara ta a 1977. A wannan tsakani duk saurayin da ke da takarda a hannu ya san ba zai kwana ba aiki ba, wanda ba shi da ita kuwa yana kallo ana wuce shi.

Ma'aikata sun nemi haƙƙinsu ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta taron dangi: a 1971 ma'aikatan Bompai suka yi yajin aiki don a biya su ƙarin albashin da Hukumar Adebo ta ba da shawara, haka kuma aka sake yi a masana'antun ƙasar nan bayan rahoton Udoji na 1974. Ta biyu ita ce ta mutum shi kaɗai da littafinsa. Rahoton Udoji ma ƙara mata ƙarfi ya yi, domin ya jera aikin gwamnati mataki 17, takardar da mutum ya zo da ita ce take nuna matakin da zai fara, kamfanoni kuwa suna kallon wannan ma'auni.

Masu hali suka shiga karatu ta gidan waya. Makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College da ke Ingila suna aiko darasi da tambayoyin gwaji cikin ambulan, ɗalibi ya amsa ya mayar, bayan makonni a dawo masa da takardarsa da jan biro. Marasa hali suka nufi ajin dare, inda malaman firamare da akawuna suke koyarwa bayan sun tashi daga nasu aikin. Littattafan da suka yi yawo a hannun masu koyon Turanci na wannan zamani sun haɗa da ƙamus ɗin Michael West, da First Aid in English, da Brighter Grammar, da Practical English na Ogundipe da Tregidgo, tare da ƙananan littattafan kasuwar Onisha masu koya rubuta wasiƙar neman aiki. Mai aikin kwana a masaƙa ba ya samun aji a makon da yake dare, don haka littafin da ke da amsa a bayansa ya zame masa malamin da ba ya tashi.

Inda Bahaushe Yake Tuntuɓe

Wanda ya duba tambayoyin nan da idon mai nazarin harshe zai ga cewa wuraren da suke kayar da Bahaushe sanannu ne, kuma dalilinsu yana cikin ginin Hausa kanta.

Na farko shi ne kalmomin da Hausa ta haɗe, Turanci ya rarrabe. Bahaushe yana jin magana, yana jin wari, yana jin sanyi, yana jin Larabci, duka da "ji" guda. Turanci yana da kalma dabam ga kowanne, don haka ɗalibi sai ya zaɓi "hear" a inda ake son "smell". Haka "sha": ana shan ruwa, ana shan magani, ana shan taba, ana shan wahala, alhali "drink" na ruwa ne da danginsa kawai. Haka kuma aro. A Hausa tushen kalmar ɗaya ne, "na ari keke" da "na ara masa keke", ginin aikatau ne yake nuna mai bayarwa da mai karɓa. Turanci ya ware "borrow" da "lend", masu tsara tambaya kuwa ba sa gajiya da wannan tarko.

Na biyu shi ne ƙananan kalmomi. Harafin "a" na Hausa yana ɗaukar nauyin da Turanci ya raba wa "in" da "on" da "at", kuma babu wata ƙa'ida guda da za ta fid da mai koyo, sai yawan ji da yawan karatu. Ga kuma jinsi: a Hausa mota mace ce, inji namiji ne, don haka mai fassarawa daga zuciyarsa yakan kira mota "she". Na uku shi ne amsa tambayar korewa. In aka ce wa Bahaushe "Ba ka zo jiya ba?" ya ce "I", nufinsa gaskiya ne bai zo ba. Bature a wannan wuri "no" zai ce. Ana iya hasashen irin rashin fahimtar da wannan kaɗai yake haddasawa tsakanin manaja da ma'aikacin da ake tuhuma da fashin aiki.

Na huɗu shi ne lafazi, wanda ya zama abin auna kowa bayan an soma jarrabawar SSCE a 1988. Hausa ba ta bambanta sautin "p" da "f" yadda Turanci yake yi, ba ta da "v", ba ta kuma son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakaninsu. Wannan ne ya sa kalmomin da ta ara suka koma burodi da asibiti da sukurudireba. David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya tattara irin waɗannan siffofi na Turancin 'yan Nijeriya cikin littafinsa Nigerian English Usage na 1991.

Akwai wuri guda da ma'aikaci ya fi ɗan makaranta. Manhajar WAEC tana jarraba kalmomin fannonin rayuwa, kamar gini da noma da sufuri da masana'antu. Mutumin da ya yi shekara biyar a gaban inji ya san sunan kowane ƙarfe da Turanci, ko da a lafazin Hausa ya san shi: sifana, da bawul, da giya, da belin. Matsalarsa ita ce gane kalmar in ya gan ta a rubuce, domin abin da kunne ya saba da shi da abin da ido yake gani sun yi hannun riga. Sashen da ya fi ba shi wuya shi ne karanta nassi da amsa tambaya a kansa, da kuma taƙaitawa, saboda a nan babu abin da za a haddace tun daga gida.

Hadda da Fahimta

Tsohon almajiri ya zo wa Turanci da makamin da ya sani. A tsangaya an horar da shi ya maimaita darasi har ya zauna, ya yi tilawa da asuba, ya riƙe ayoyi masu kama da juna ba tare da ya gauraya su ba. Da wannan horo jerin kalmomi da kishiyoyinsu, da karin maganar Turawa, da sauye-sauyen aikatau marasa bin ƙa'ida ba su zame masa komai ba. Amma akwai bambanci. A tsarin malamai hadda mataki ne na farko, bayanta ake zama gaban malami a karanta littattafai ana fassarawa kalma-kalma har ma'ana ta fito. Littafin tsofaffin tambayoyi ya ba da matakin farko ya tsaya. Yana cewa amsa ita ce ta uku, sau da yawa ba ya faɗin dalili.

Daga nan aka sami abin da malamai suka daɗe suna kuka da shi: mai takardar cin Turanci wanda ba ya iya rubuta rahoton shafi ɗaya a kan injin da ya lalace, da kuma helman da yake magana da injiniyoyi baƙi kullum ba tare da tafinta ba, amma ya zauna jarrabawa sau uku yana faɗuwa. Idan takarda ta fi abin da take shaida daraja, to, wasu za su neme ta ta bayan gida. A 1977 tambayoyin WAEC suka fita kafin ranar jarrabawa, har gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike, tun daga lokacin kuma kalmar "expo" ta zauna a bakin ɗalibai.

Sharada da Challawa, da Juyawar Zamani

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sa Bompai ta cika, aka buɗe Sharada kashi-kashi a kudu maso yammacin birni, sa'an nan Challawa can wajen Panshekara, kusa da kogin da Kano take shan ruwansa tun farkon shekarun 1930. Majemu da masaƙu da masu yin kayan roba suka bazu a wuraren nan. A daidai wannan lokaci ƙofar makaranta ta buɗe wa talaka. An soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, Turanci ya karɓa daga baya. A 1977 Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama jami'a, a 1978 aka kafa JAMB, wadda ta wajabta wa duk mai neman jami'a takardar Turanci, ita ma ta zaɓi. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, wadda ta sami lambar yabo daga UNESCO, a shekarar ce kuma ta ba ma'aikata hutun ranar ɗaya ga Mayu, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta yi haka.

Da masu takarda suka yi yawa, sai darajarta ta sauka. Aikin da shaidar firamare take samarwa a 1967 ya koma sai da ta sakandare. Kafin 'ya'yan leburorin farko su gama karatun da iyayensu suka yi musu tanadi, masana'antun da kansu sun fara tangaɗi. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da sinadaran da ake shigowa da su suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an yi sa'a, kowane kamfani ya koma ga janareta. Atamfa mai araha daga Asiya ta cika Kantin Kwari, musamman bayan an ɗage ƙayyade cinikin tufafi na duniya a farkon 2005. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, wasu gine-ginen suka koma sito. Jimar fata da aikin roba da sarrafa abinci ne suka fi jurewa.

Jarrabawa kuwa ƙaruwa ta yi. An kafa NABTEB a 1992 don masu koyon sana'a, aka kafa NECO a 1999, a 2015 kuma JAMB ta koma yin jarrabawarta duka a kwamfuta. Tsofaffin tambayoyi suka tashi daga takarda suka shiga wayar hannu, amma giɓin da ke cikin jimla da amsoshin da aka jera a ƙarƙashinsa suna nan yadda aka san su.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, matsayin Turanci a masana'antun Kano ya samo asali ne daga shawarar da Turawan mulki suka yanke ta taƙaita koyar da shi, alhali sun mai da shi harshen ofis da ciniki. Ƙarancinsa ya ba shi tsada, jarrabawa ta zama ma'auninsa, littafin tsofaffin tambayoyi kuma ya zama hanyar da talaka mai aikin yini yake iya bi ya kai ga ma'aunin. Ya taimaki mutane da dama suka tashi daga ɗaukar kaya zuwa tebur, wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai ya saba wa ɗalibai da neman harafin amsa maimakon neman ma'ana, tsarin da ya haife shi kuma ya ƙi lissafa ilmin da ma'aikaci ya zo da shi daga tsangaya.

Akwai aiki a gaban masana Hausa a nan. Kurakuran Bahaushe a Turanci suna da tsari, kuma wanda ya san nahawun harsunan biyu shi ya fi cancanta ya bayyana su. Littafin gwaji da zai kawo tambaya da Turanci, ya yi bayanin dalilin amsa da Hausa, ya nuna inda "ji" ko "sha" ko "a" suka rarrabu, zai yi wa mai koyo abin da malamin zaure yake yi wa ɗalibinsa in ya zauna yana fassara masa littafi. Haka nan tsofaffin ma'aikatan Bompai da Sharada da Challawa da suka rage suna riƙe da labarin ajin dare da kalmomin bakin inji da Hausa ta ara ta gyara. Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato su tura ɗalibai su ɗauko wannan daga bakinsu, a rubuta shi tun suna raye.